Rabin Labule

Shekara arba'in da ɗaya tagarmu tsirara take.
A Groningen haka muka buɗi ido muka tarar:
wanda bai ɗauki kayan kowa ba, me zai rufe?
Masu keke suna wucewa, su ga tukunyar furenmu,
su ga Wiebe da jarida, ni da kwanon dankali,
ba mai tsayawa, ba mai ƙura ido.
Kallo ma yana da ladabinsa.

Sai ga shi a watan Nuwamba ƙafafunsa sun ƙi bene.
Aka sauko da kwanansa ƙasa, jikin taga,
gado mai ƙarfe a gefe, mai maɓallin ɗaga kai.
Ran wata Talata ina goge masa baya da tsumma mai ɗumi,
na ɗago, muka yi ido huɗu da mai kawo wasiƙa.
Ya yi maza ya sunkuyar da kai, bawan Allah.
Wiebe bai gani ba.
Ni na gani.

Na rubuta awon taga a bayan takardar magani,
na hau keke cikin yayyafi zuwa shagon Femke.
Ta baje mini mai kauri, ruwan toka,
wanda ke shanye haske ɗungurungum.
Na ce wannan ai kabari ne tun lokaci bai yi ba.
Ta nuna mini na siraran sanduna, mai igiyar murɗawa,
na tuna asibiti, ɗaki na sha huɗu, na ture.
Sai leda mai hazo da ake mannawa a gilashi:
haske zai shigo, in ji ta, mutane su koma inuwa.
Na ce mijina ya san kowa a layinmu da suna,
har karen Sjoerd mai ɗingishi.
Ba zan mayar masa da su fatalwa ba.

Na dawo hannu rabbana, gashina na ɗiga.
Ya ce, "Tjitske, kada ki ɗauke mini titi.
Shi kaɗai ya rage inda nake zuwa."
Na ce, "To, mutuncinka fa?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Jikin da ya shekara talatin yana gyaran jiragen ruwa
ba ya jin kunyar ɗan wasiƙa."
Na ce, "Ni ina ji."
Agogo ya ci gaba da abin da ya iya.

Da dare ya raba, barci ya ƙi,
na ciro zanen teburin mahaifiyata,
fari, mai tabon kofi a kusurwa tun ranar bikinmu.
Almakashi ya yi jinkiri, ni ban yi ba.
Na kwanta a ƙasa kusa da gadonsa, na auna da idona:
daga nan sama ce, da kan hasumiyar coci, da tsuntsayen teku.
Na miƙe zaune, na sake aunawa:
daga nan gada ce, da shagon burodi, da fuskoki.
Tsakanin biyun na kafa sanda.
Ɗinkin ya karkace ta hagu. Na bar shi.

Yanzu in gado ya kwanta, mu biyu ne da sama.
In ya ɗago, duk unguwa tasa ce.
Maɓallin kuwa yana hannunsa, ba nawa ba.

Yau da safe ina shigowa da ruwan wanka
sai ga jar hula ta ɓullo a saman labule, ta ɓace,
ta sake ɓullowa.
Marrit ce, ta gida mai lamba tara, tana tsalle
da jakar makaranta a bayanta.
Wiebe ya lalubi maɓalli.
Gado ya fara tashi a hankali, yana ƙugi.
Na ajiye kwano a ƙasa, na tsaya.
Ruwan zai huce.
Akwai wani a buta.